Ƙafa Huɗu a Kan Busasshiyar Kwalta

A watan Janairun 1986 ayarin tseren motoci na Faris zuwa Dakar ya keto Sahara, ya sauka Agadas, ya kutsa cikin rairayin Tenere. Motar da ta zo ta ɗaya a waccan shekara Porsche 959 ce, René Metge na riƙe da sitiyari, wadda ta rufa mata baya ita ma 959 ce a hannun Jacky Ickx. Duk wanda ya taɓa ganin mota ta kafe a yashi, fasinjoji sun sauko ana haƙa ana turawa ana cusa kirare ƙarƙashin taya, ba sai an yi masa dogon bayani a kan amfanin mota mai ja da ƙafa huɗu ba. A irin wannan wuri ita ce ke raba wanda zai isa gari da wanda zai kwana a daji.

Na fara da wannan ne don kada a ɗauka gaba nake yi da fasahar. Tun ina yaro nake son mota, har yau kuma idan na ji kukan inji mai fulogi goma sha biyu sai na waiwaya. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne inda aka kai fasahar. Jikokin waccan 959 yau suna Landan da Monako da Dubai da Los Angeles, suna rarrafe cikin cunkoso a kan kwalta busasshiya sumul, ɗauke da ƙarafan jan ƙafa huɗu da ba za su yi musu aikin kirki na minti ɗaya a wata guda ba. A ganina, a mafi yawan motocin gudu na wannan zamani, jan ƙafa huɗu magani ne na ciwon da kamfanonin suka jawo wa kansu, kuma da fetur ake biyan kuɗin maganin kullum ta Allah. Hukumomin da ya kamata su tsawatar kuwa sun bari ana rufe asirin da alƙaluman takarda.

Bari mu fara daga ƙasa, wato daga taya. Komai ƙarfin inji, taya ce ke miƙa shi ga hanya, kuma kowace taya tana taɓa ƙasa ne da fili wanda bai fi tafin hannu ba. Akwai iyakar abin da wannan ɗan fili zai iya ɗauka. Idan aka wuce iyakar, sai tayar ta yi ta juyawa a wuri ɗaya tana hayaƙi, mota na wutsil-wutsil da gindi. Motar gudu ta asali jan baya ce: ƙafafun gaba su ji da sitiyari, na baya su ji da turi, kowa da aikinsa. Da an taka totur nauyin mota kan koma baya ya danne tayoyin, su ƙara kama ƙasa. Muddin ƙarfin injin bai wuce hankali ba, wannan rabon aiki ya wadatar, kuma shekara da shekaru haka ake ƙera motocin da suka yi suna. To amma idan aka ɗora wa mota ƙarfin doki 700 ko 1,000, tayoyi biyu ba za su iya tayar da ita daga tsaye ba tare da sun kuɓuce ba. Dole a kira na gaba su kama.

Kiran nan ba kyauta ba ne. Sai an ƙara akwatin raba ƙarfi, da furofela ta biyu, da aksul na gaba, da sandunan da ke kai ƙarfin ga tayoyi, da kuloci mai haɗawa da rabawa. Kowanne ƙarfe ne mai nauyi, kuma kowanne haƙoran giya ne da ke cizon juna suna gutsurar wani abu daga ƙarfin injin suna mayar da shi zafi. Kamfanonin da kansu sun nuna mana nauyin abin. Da Lamborghini ya fitar da Huracán mai jan baya zalla a 2015, ta fi 'yar'uwarta mai ƙafa huɗu sauƙi da kilo 33. Audi R8 mai jan baya ta 2017 ta rage kilo 50. Tsakanin Porsche 911 Carrera da Carrera 4 ma kimanin kilo 50 ne. Ma'aikatar makamashi ta Amurka na ƙiyasta cewa duk ƙarin kilo 45 na ƙara shan mai da kusan kashi 1 cikin 100, ga kuma gogayyar ƙarafan a kai. Idan aka tara, bambancin bai wuce 'yan kashi kaɗan cikin ɗari ba.

Da a nan maganar ta tsaya, da ban ɗauki alƙalami ba. Ba a nan gizo ke saƙa ba. Babbar ɓarnar jan ƙafa huɗu ita ce ya cire wa injiniyoyi linzami. A da tayoyin baya ne ke ce musu ya isa haka, domin ƙara ƙarfi bayan wani mataki ba ya ƙara komai sai hayaƙin roba da haɗari. Da aka raba ƙarfin gida huɗu sai wannan iyaka ta kau, tseren lambobi ya buɗe.

Tarihin abin ma ya nuna daga ina ya fito. Turawan Ingila sun fara gwadawa da Jensen FF a 1966, amma guda 320 kacal aka ƙera. Wanda ya juya akalar duniya Audi ne. A hunturun 1977 injiniyoyinsa na gwajin motoci cikin dusar ƙanƙara a arewacin Turai, sai Jörg Bensinger ya lura da wata 'yar motar soja, Volkswagen Iltis, mai raunin inji, tana barin manyan motoci a baya saboda da ƙafa huɗu take ja. Daga nan aka haifi Quattro, wadda aka baje a kasuwar motoci ta Geneva a 1980, da ƙarfin doki 200. A gasar tseren daji ta duniya, inda ake gudu a kan tsakuwa da laka da ƙanƙara, ta yi kaca-kaca da abokan hamayya. Da ita Michèle Mouton ta ci tseren Sanremo a 1981, mace ta farko da ta taɓa cin zagaye a gasar, kuma Audi ya ɗauki kambun kamfanoni a 1982 da 1984. Sai kowa ya bi sahu, ƙarfin injuna ya yi ta hawa ba birki, har ranar da Henri Toivonen da abokin tafiyarsa Sergio Cresto suka ƙone cikin Lancia Delta S4 a tsibirin Kosika a watan Mayun 1986. A ƙarshen shekarar aka rufe wannan rukuni na motoci baki ɗaya.

A filin gasa an taka wa abin birki, amma a kan titi ba wanda ya taka. Nissan ya fito da Skyline GT-R a 1989, ta shiga tseren rukuninta sau 29 a gasar Japan ta cinye duka. Lamborghini ya bi da Diablo VT a 1993, Porsche ya mayar da 911 Turbo mai ƙafa huɗu daga 1995. A 2005 Bugatti Veyron ta iso da inji mai fulogi 16, turbo huɗu, ƙarfin doki 1,001, tana kai kilomita 407 a awa. A wannan gudun tankinta mai cin lita 100 kan ƙare cikin minti 12 ko makamancin haka, wato lita ɗaya ba ta kai ta kilomita ɗaya. Ba don ƙafa huɗu ba, da Veyron ba ta tuƙuwa a hannun attajirin da ya saye ta. Hatta Ferrari, wanda ya daɗe yana tirjiya, ya miƙa wuya da FF a 2011.

Idan ana son a ga yadda abin ke cin kansa, a dubi BMW M5. Ta farko, ta tsakiyar shekarun 1980, jan baya ce, ƙarfin doki 286, nauyinta kilo 1,400 da 'yan kai, kuma a zamaninta ba motar iyali mai ƙofa huɗu da ke ganin ƙurarta. Aka yi ta ƙara mata ƙarfi har tayoyin baya suka gaza, sai a 2017 aka ba ta ƙafa huɗu da ƙarfin doki 600, nauyi ya doshi tan biyu. Inji mai irin wannan ƙishi ba zai tsallake dokokin hayaƙi na Turai ba, don haka a 2024 aka ƙara mata batir da injin lantarki. Yanzu ƙarfinta doki 727, nauyinta ya haura kilo 2,400. Tan guda cur aka ɗora wa mota ɗaya cikin shekara 40. Ƙarfi ya jawo ƙafa huɗu, ƙafa huɗu ta ba da damar ƙarin ƙarfi, ƙarin ƙarfi ya jawo manyan birki da faffaɗan tayoyi da katon lagireto, ƙishi ya jawo batir, batir ya jawo nauyi, nauyin kuma sai an sake ƙara ƙarfi kafin a ɓoye shi. An yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Duk wannan ɗawainiya don me? Don lamba guda ɗaya: daƙiƙa nawa mota ke ɗauka daga tsaye zuwa kilomita 100 a awa. Ita ce lambar da ake bugawa a talla, ita matasa ke musu a kanta, kuma a nan ne kaɗai ƙafa huɗu ba ta da na biyu. Porsche 911 Turbo S ta 2020 na yin sa cikin daƙiƙa 2.7. Amma da mota ta shiga giya ta uku a kan busasshiyar hanya, tayoyin baya sun ishe ta, ƙarafan gaba sun koma kaya. Mutum ya sayi daƙiƙa uku na tashi, ya yi shekara goma yana jan kuɗinsu a tanki.

Masu ƙera motocin sun san haka sarai. Idan Porsche zai yi mota don direban gaske, irin su GT3 da GT2 RS, jan baya yake yi. A watan Satumbar 2017 GT2 RS mai ƙarfin doki 700, da tayoyi biyu kacal take turi, ta zagaye filin Nürburgring na Jamus cikin minti 6 da daƙiƙa 47, ta doke Lamborghini Huracán Performante mai ƙafa huɗu da ta yi 6 da 52, ta doke 918 Spyder ta gidansu da ta yi 6 da 57. McLaren har yau bai sayar da motar gudu mai ƙafa huɗu ba. A gasar Formula 1, Lotus da McLaren da Matra duk sun gwada ƙafa huɗu a 1969, nauyi da taurin sitiyari suka sa suka watsar tun kafin doka ta zo ta hana. Ba zan ɓoye ba, motar titi da ta kafa tarihi a Nürburgring a 2024, Mercedes-AMG One, da minti 6 da daƙiƙa 29, tana da injunan lantarki a ƙafafun gaba. To amma guda 275 aka ƙera, da injin da aka ciro daga Formula 1. Ba da ita za a kafa hujjar abin da ake sayar wa dubban mutane ba.

Hujjar da ta fi ƙarfi a wajen masu kare ƙafa huɗu ita ce tsaro, kuma ina ɗaukarta da muhimmanci, domin rai ake magana. Mutumin Suwidin ko Kanada ko ƙauyukan tsaunukan Alps, wanda ke wata huɗu cikin ƙanƙara, yana da gaskiya. Haka idan ana sheƙa ruwa, mota mai ƙarfin doki 600 ta fi natsuwa idan tayoyi huɗu ke ja. Sai dai a lura da abin da ƙafa huɗu ke yi da abin da ba ta yi. Tana taimakon tashi da fita daga kwana. Ba ta ƙara wa birki komai, domin kowace mota da tayoyi huɗu take tsayawa, kuma mai nauyi ta fi wuyar tsayarwa. Ba ta ƙara wa roba kamun ƙasa. Abin da take yi wa direban da bai goge ba shi ne ta ɓoye masa santsin hanya. Mota mai jan baya kan gargaɗi mai ita tun yana a hankali, ya ji gindinta na rawa ya sassauta. Mai ƙafa huɗu kuwa shiru za ta yi masa, ta kai shi gudun da bai san ya kai ba, sai a bakin kwana ya gane. Masu zama a ƙasashen sanyi sun daɗe da sanin cewa tayar hunturu mai kyau ta fi ƙafa huɗu a kan tayar bazara. Kuma idan har mota ba ta tuƙuwa lafiya cikin ruwan sama sai an kira tayoyi huɗu da kwamfuta su riƙe ta, ashe tambayar farko ita ce me ya kai wannan ƙarfi kan titin da yara ke tsallakawa.

Yanzu ga inda raina ya fi ɓaci. Sabon salon shi ne a bar injin fetur ya ja ƙafafun baya, a sa injin lantarki a gaba, ba furofela ba akwatin raba ƙarfi. Dabara ce mai kyau ƙwarai, ba na musu. Idan an taka birki injin gaban kan koma janareto ya tara wuta a batir maimakon ƙarfin ya tafi a zafi. Porsche 918 Spyder ta 2013 haka take, haka Honda NSX ta 2016, da Ferrari SF90 ta 2019, da Lamborghini Revuelto ta 2023. Matsalar tana wajen lambar da ake liƙa musu. A takarda, 918 mai ƙarfin doki 887 da inji mai fulogi takwas tana shan lita 3 da ɗigo ne a kilomita 100, wato ta fi ƙaramar motar zuwa kasuwa tsimi. M5 ta 2024 da na ambata, mai nauyin kusan tan biyu da rabi, an rubuta mata lita 1.7. A cikin takardar kamfanin kanta, can ƙasa, an nuna idan batir ya sauka lita 10 da ɗoriya take sha, kuma wannan a tuƙin gwaji na lallaɓawa ke nan.

Yadda ake samo lambar shi ne a fara gwajin da cikakken batir, a ƙaddara cewa mai motar zai riƙa caji kullum yana yin mafi yawan tafiyarsa da lantarki. SF90 kuwa kilomita 25 kawai batirinta ke kai ta. Wa zai biya kuɗin Ferrari don ya yi ta sanɗa shiru da injin a kashe? Ba zargi nake yi da ka ba. Tun daga 2021 dokar Tarayyar Turai ta wajabta wa sababbin motoci na'urar da ke ƙirga man da suka sha da gaske, kuma da hukumar Tarayyar ta fitar da rahoton farko a watan Maris na 2024, sai aka ga motocin haɗaka masu caji, wato masu injin fetur da na lantarki tare, suna fitar da hayaƙin kabon ninki uku da rabi na abin da aka rubuta musu. An fara gyara lissafin daga 2025, amma kafin nan an riga an raba rangwamen haraji a ƙasashe irin su Jamus bisa lambobin da kowa a masana'antar ya san ba su da tushe. Mai ƙaramar motar fetur da ke shan lita 5 ta gaskiya ya biya cikakke, mai doki 700 ya samu sassauci. Kura da shan bugu, gardi da karɓe kuɗi.

A Amurka aƙalla lambar ba ta yi ƙarya ba. Corvette E-Ray, ta farko a zuriyarta mai ƙafa huɗu, an sa mata injin lantarki mai ƙarfin doki 160 a gaba. Hukumar kare muhalli ta ƙasar ta ba ta mil 19 a galan, kimanin kilomita 8 a lita, daidai da Corvette mai jan baya da ba ta da batir ɗin. Duk abin da lantarkin ya tsimo, gudu da nauyi sun lashe shi.

Ga kuma abin da ke tabbatar mini cewa ba a fasahar laifin yake ba. Wannan dabara ta injin lantarki a gaba, a tseren awa 24 na Le Mans ta nuna kanta, inda Audi R18 ta ci a 2012. Daga 2014 masu shirya gasar suka ƙayyade man da mota za ta ƙona a kowane zagaye, sai Porsche ya zo da 919 mai ɗan inji lita 2 da fulogi huɗu, ya ci sau uku a jere daga 2015 zuwa 2017. A shekarar 2014 ɗin ce Formula 1 ta ce kilo 100 na mai kowa zai ƙare tsere da shi, ragin kusan kashi ɗaya bisa uku, kuma kafin 2017 ta ƙare Mercedes ya sanar cewa injinsa na mayar da fiye da rabin ƙarfin da ke cikin fetur zuwa aiki, abin da injin motar titi bai kusanta ba. Injiniyoyin nan ɗaya ne, kamfanonin ɗaya ne. Inda aka auna musu mai da mudu, basirarsu ta tafi wajen tsimi. Inda aka bar su da lambar talla, ta tafi wajen doki.

Na san abin da wani zai ce: Malam, masu kuɗi ne da kuɗinsu, ina ruwanka? Kuma motocin nawa ne duka? Gaskiya ne ba su da yawa. Ferrari bai kai mota 14,000 ba a 2023, Lamborghini ya ɗan haura 10,000, a shekarar da duniya ta ƙera sama da miliyan 90. Yawancinsu ma a gareji suke wuni. Ko an hana su duka gobe, ba za a ji a kasuwar mai ba.

Ruwana shi ne, motocin nan su ne alƙiblar sauran. Abin da aka yi wa Ferrari bana shi ake yi wa motar manajan banki baɗi, shi kuma ma'aikaci ke mafarki. Kalmomin quattro da 4MATIC da xDrive, sunayen da Audi da Marsandi da BMW ke ba jan ƙafa huɗunsu, daga martabar tsere suka samo kwarjininsu, yau kuma suna manne a bayan miliyoyin motocin da iyakarsu makarantar yara da ofis. Su kansu gidajen motocin gudun da manyan jif-jif suke cin abinci: fiye da rabin abin da Lamborghini ya sayar a 2023 Urus ce, Porsche kuma Cayenne da Macan ke riƙe da shi. Hukumar makamashi ta duniya ta ce a 2023 kashi 48 cikin 100 na sababbin motocin da aka sayar irin waɗannan jif-jif ne, kuma da ƙasa ce su, da su ne na biyar a duniya wajen fitar da hayaƙin kabon. Kowace litar fetur da aka ƙona kilo 2.3 na wannan hayaƙi take saki, kuma iskar ba ta tambayar wa ya ƙona kafin ta kai zafin inda ta ga dama.

Dokokin da ake da su kuwa kamar an yi su ne don kada su taɓa kowa. Amurka ta kafa harajin motoci masu zuƙar mai tun 1978, amma mafi tsananinsa dala 7,700 ne, adadin da bai motsa ba tun 1991, ga mai sayen motar dala miliyan uku. Jif da a-kori-kura kuma dokar ba ta shafe su ba sam. Daga 2020 zuwa 2024 Turai ta sa wa manyan kamfanoni iyakar giram 95 na hayaƙin kabon a kilomita, da tarar yuro 95 a kan kowane giram na ƙari a kowace mota, sannan ta buɗe ƙofar baya ga masu sayar da ƙasa da mota 10,000 a shekara, ta yafe wa masu ƙasa da 1,000 gaba ɗaya. Faransa ce na ga ta kama hanya: harajinta na hayaƙi ya kai yuro 60,000 a 2024, kuma tun 2022 take cajin nauyi, da farko daga kilo 1,800, a 2024 ta sauko da shi 1,600.

Ba hani nake nema ba. Ina so a auna mota da abubuwa biyu da ba sa ƙarya, sikeli da man da ta sha a hanya, tunda na'urar ƙirgawar tana cikinta. A rubuta wa mai saye shan man motar haɗaka idan batir ya sauka da manyan haruffa, a gaban takarda. A rufe ƙofar bayan da aka buɗe wa masu tsada. Idan aka yi haka, wanda ke zaune cikin ƙanƙara zai sayi ƙafa huɗunsa ya biya da sanin abin da ya saya, sauran kuma kamfanoni za su koma yi musu gasar rage nauyi. Sun iya kame kansu idan sun so: kamfanonin Japan sun yi shekara 15, daga 1989 zuwa 2004, bisa yarjejeniyar kada su tallata mota da ta wuce doki 280, manyan na Jamus kuma sun daɗe suna datse gudun yawancin motocinsu a kilomita 250. Kuma hanyar sauƙin nauyi ba mafarki ba ce. Lotus Elise ta 1996 ba ta kai kilo 750 ba. Alpine A110 ta Faransa kilo 1,100 ce da doki 252, tana ba direba daɗin da masu ninkinta a ƙarfi ke nema, da shan man motar gida. Mazda MX-5 ta haura miliyan ɗaya a ciniki tun 2016. Gordon Murray ya ƙera T.50 da fulogi 12, jan baya, ƙasa da tan guda.

Akwai kuma inda maganar ta iso ƙofar gidanmu. Motar da aka ƙera don hunturun Jamus ko Michigan ba a can take tsufa ba. Rahoton hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2020 ya ce tsakanin 2015 da 2018 Turai da Amurka da Japan sun fitar da tsofaffin motoci miliyan 14, kashi 40 cikin 100 Afirka suka nufa. Ferrari ba ta cika zuwa ba, amma ƙannenta masu 4MATIC da xDrive suna sauka a Kwatano da Legas kowane mako. Lokacin da litar fetur ba ta kai naira 200 ba, ba mai damuwa. Daga 29 ga Mayun 2023 da aka cire tallafi ta koma wajen 500, kafin ƙarshen 2024 ta haura 1,000.

Kwanan baya na kai motata garejin wani ɗan'uwana, na tarar da wata Marsandi baƙa mai fulogi takwas a kan jak, yara biyu a ƙarƙashinta. Na ce, Yaya, me ya same ta? Ya ce akwatin raba ƙarfinta ne ya ci kansa, domin mai ita taya ɗaiɗai yake saye, wata sabuwa wata ta ci rabi, ita kuwa irin wannan mota sai tayoyin huɗu sun zo daidai. Kuɗin akwatin ya fi ƙarfinsa, don haka ya ce a cire furofelar gaba ta koma jan baya, wai ko man ma zai ragu. Na tambaye shi ko zai ragu ɗin. Ya girgiza kai ya ce da ƙyar, tunda aksul ɗin gaba na nan yana juyawa, nauyin ma na nan, injin kuma shi ne dai. Ya nuna mini bayan shago, inda furofela biyar ke jingine da bango, duk daga irin waɗannan motoci aka ciro su a cikin shekarar.